Ya tafi da fansho, ni na tsira da gida: zan iya ƙarar lauyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. A Ingila nake zaune. Shekararmu 21 da aure da uban 'ya'yana, likita ne a asibitin gwamnati, kafin Allah ya kawo rabuwa. Wajen rabon dukiya ni na riƙe gidan da muke ciki, wanda in an cire bashin banki abin da ya rage bai wuce fam 180,000 ba, shi kuma ya riƙe fanshonsa. Na ga an rubuta fam 410,000 a gaban fanshon a wata takarda, amma ban ɗauke shi a bakin kuɗi ba tunda ba a hannu yake ba. Lauyata ta ce ba za ta iya gaya mini ko rabon ya yi adalci ba sai an yi cikakken binciken dukiya. Lokacin kuma manya sun matsa a rabu lafiya saboda yara, sai ta ba ni wata takarda na sa hannu cewa ni na zaɓi haka. Yau shekara biyar da wata huɗu. Kwanan baya wata ƙawata ta ce ita kusan rabin fanshon tsohon mijinta aka ba ta. Na kuma ji ashe yana da gida a Abuja da bai taɓa ambata ba. Zan iya ƙarar lauyar, ko takardar nan ta rufe mini baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara haƙuri, ya raya zuri'a.

Takardar da kika sa wa hannu ba ta isa ita kaɗai ta rufe miki baki ba, kuma daga abin da kika faɗa akwai abin dubawa sosai a aikin lauyar nan. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonki shi ne "shekara biyar da wata huɗu" ɗin nan. Da shi zan fara, kuma ina roƙonki kada ki bari makon nan ya fita ba ki zauna da lauyan da ya ƙware a ƙarar sakacin lauyoyi ba. Duk bayanina a kan dokar Ingila da Wales ne, inda nake aiki. Sikotilan tsarinta daban ne, wa'adinta ma ya fi gajarta.

Dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980 shekara 6 ta bayar. Ramin yana wurin fara ƙirge. Kusan kowa daga ranar da alƙali ya buga hatimi a takardar rabon dukiya yake lissafi, alhali doka daga ranar da aka ba ki gurguwar shawara take kallo, ko ranar da asara ta fara tabbata a kanki, kuma duka biyun kan riga ranar hatimi. Wata mata, Misis Holt, ta yi ƙarar lauyoyinta cewa ba su nemo ƙwararren da zai yi wa wasu gidajen haya da kayan ado kima ba, har aka yi rabo a kan farashin da take ganin ba daidai ba ne. An kammala sauraron shari'ar aurenta a watan Maris na 2012, hukunci ya fito a watan Mayu, ita kuma ta shigar da ƙarar lauyoyin a watan Afrilu na 2018, tana ganin tana cikin wa'adi. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a, asararta ta tabbata tun ranar da aka rufe sauraro, domin daga ranar babu sauran damar kawo shaidar ƙwararre. 'Yan makonni kacal ta makara, ƙarar ta mutu ba tare da an ko duba ko lauyoyin sun yi laifi ba. Ke naki rabon na sulhu ne, to ɓangaren tsohuwar lauyarki zai iya cewa agogonki ya fara tun ranar da kika amince da tayin, watakila watanni kafin takarda ta isa gaban alƙali. Wata takwas ɗin da kike ganin sun rage miki, ƙila uku ne.

Akwai wata ƙofa ta biyu a dokar: shekara 3 daga ranar da kika sani, ko ya kamata a ce kin sani, cewa an yi miki asara, muddin ba a haura shekara 15 da yin kuskuren ba. Kada ki jingina da ita. Za a ce ai tun ranar farko kin san ba a ba ki ko kwabo daga fanshon ba, kin kuma ga adadinsa da idonki, me ya hana ki tambaya? Ana cin nasara a wannan jayayya wani lokaci, ana kuma faɗuwa. Abin da sabon lauyanki zai fara nema shi ne yarjejeniyar tsayar da agogo, wato ofishin tsohuwar lauyarki ya sa hannu cewa an dakatar da ƙirgen kwanaki yayin da ake tattaunawa. In sun ƙi, sai a shigar da ƙara a kotu tun kafin a gama shiri, don dai a riƙe wuri.

Kina iya cewa me zai hana a koma kan tsohon mijin kawai a sake rabo. Ga dalili. Da zarar alƙali ya amince da sulhun, musamman in akwai sharaɗin raba gari kwata-kwata, wato babu mai sake neman wani abu wurin wani, bakin alƙalami ya bushe. Tun shari'ar Harris da Manahan a shekarun 1990 kotuna suka tsaya a kan cewa mummunar shawarar lauya ba hujja ba ce ta warware hukuncin sulhu, domin tsohon mijin ba shi ya ba ki shawarar ba. Shi ya sa ake juyawa kan lauya. Maganar gidan Abuja daban ce, zan dawo kanta.

To mene ne sakaci a idon kotu? Da-na-sani ba sakaci ba ne, wannan shi ne abin da na fi shan wahalar fahimtar da mutane. Dokar rabon dukiyar aure ta 1973, a sashe na 25, ba ta ba da lissafi ɗaya tilo ba. Ta ce alƙali ya fara duba maslahar yaran da ba su kai 18 ba, sannan ya auna samun kowa da buƙatarsa, shekarunsa, tsawon auren, irin rayuwar da aka saba, da gudummawar da kowa ya bayar, ciki har da renon yara da riƙon gida. Tun hukuncin White da White na shekarar 2000 aka daina fifita mai fita nema a kan mai zaman gida, aka mayar da raba daidai ma'aunin da ake gwada kowane rabo da shi. Duk da haka alƙalai biyu na iya duba gida ɗaya su fito da adadi biyu, kuma dukansu suna kan daidai. Saboda haka in lauya ta ce ki karɓi kashi 45 cikin 100, daga baya wani ya ce da shi ne da ya samo miki 52, wannan saɓanin ra'ayi ne. Abin da ake tambaya shi ne: lauya mai matsakaiciyar ƙwarewa a shari'ar iyali, da irin bayanin da ke gabanta a ranar, za ta yi abin da taki ta yi? Kuma haka ƙawarki ta samu rabi ba hujja ba ce a kanki, kowane gida da irin tuwonsa.

Jayayyar ku za ta tsaya ne a kan tambaya guda: wane aiki kika ɗauki lauyar ta yi miki? Akwai hukunci biyu da duk lauyan da zai karɓi ƙararki zai ajiye gefe da gefe.

Na farko shi ne na Minkin da Landsberg, 2015. Misis Minkin akanta ce, ta san kuɗi. Ita da mijinta suka daidaita tsakaninsu, wani ofishin lauyoyi ma ya riga ya ja mata kunne cewa tayin bai gamsar ba, sannan ta je wurin wata lauya ta ce a tsara mata yarjejeniyar yadda kotu za ta karɓa. Daga baya ta yi nadama ta yi ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce lauyar ba ta da laifi, aikin rubutu aka ba ta, shi ta yi. Alƙalan sun kuma lura cewa tun da aka janye tallafin kuɗin lauya daga yawancin shari'un iyali a watan Afrilu na 2013, mutane da yawa guntun aiki kawai suke iya saya, kuma in aka ce duk lauyan da ya taɓa takarda sai ya ɗauki alhakin komai, babu wanda zai yarda ya yi guntun aikin. Wannan hukuncin shi ne garkuwar da tsohuwar lauyarki za ta ɗaga.

Na biyu ya fi kama da naki, har da na karanta saƙonki shi ya fara faɗo mini. Shari'ar Lewis da Cunningtons ce, Babbar Kotu, 2023. Mijin Misis Lewis ɗan sanda ne, fanshonsa ya haura fam 500,000 a takarda, kuma shi ne mafi girman abin da suka mallaka. Ta karɓi fam 62,000 ta yafe sauran. Lauyoyinta sun gaya mata ba za su iya cewa komai a kan adalcin rabon ba tunda ba a yi cikakken bayyana dukiya ba, suka sa ta sa hannu a takardar wanke kai. Kotu ta ce wannan bai fisshe su ba. Tun farko cikakken aiki ta ɗauke su, kuma abin da suka riga suka sani game da fanshon ya ishe su su gaya mata ƙarara cewa wannan rabon ya karkata ƙwarai, kuma in ta je gaban alƙali kusan tabbas za a yanka mata kaso daga fanshon. An ba ta diyyar fam 400,000.

Kin ga bambancin. Lauya na iya cewa "ban san komai da komai ba", amma hakan bai ba ta damar yin shiru a kan abin da ta sani ba. In adadin fam 410,000 yana cikin fayil ɗinta, ta san auren shekara 21 ne, ta san kin ajiye aiki ko kin rage shi saboda yara, to ko ba a bincika asusun banki ɗaya ba akwai maganar da ya wajaba ta faɗa miki, ta kuma rubuta ta. Takardar wanke kai mai ƙarfi ita ce wadda ta ce: na gaya miki kotu na iya ba ki kusan rabin fanshon nan, kimanin kaza, na ba ki shawarar kada ki sa hannu, kin ce kin ji kin gani. In irin wannan kika sa wa hannu, gaskiya ƙararki ta yi rauni sosai. In kuwa abin da ke ciki bai wuce "ba mu ba ki shawara ba, kada ki zarge mu" ba, wannan kare kai ne kawai, ke ba a kare ki ba. Ban ga takardarki ba, don haka ki nemo ta yau.

Bari in tsaya a kan fanshon, don a nan ne matanmu suka fi yin asara, kuma ba su da laifin rashin sani. Mu da muka taso muna ganin 'yan fansho suna layi rana na dukansu, da wuya mu ɗauki fansho dukiya. Gida kuwa ana ganinsa, ana kwana a ciki. A nan ƙasar sau da yawa fansho ya fi gida daraja. Tun 1 ga Disamba 2000 kotu ke da ikon yanka kaso daga fanshon miji ta mayar da shi na matar, da sunanta, ba ruwansa da ko ta sake aure ko shi ya rasu. Fanshon ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS kuma, kamar na 'yan sanda da malamai da sojoji, ba tarin kuɗi ba ne a asusu. Alkawari ne na biyan wani adadi duk shekara har ƙarshen rai, yana kuma ƙaruwa da tsadar kaya. Adadin da kika gani a takarda kima ce da hukumar fanshon ta fitar bisa nata lissafin, kuma sau da yawa in za ki je kasuwa ki sayi irin wannan alkawarin, kuɗin da za ki biya ya fi haka nesa. Shi ya sa ake ɗauko masanin lissafin fansho ya faɗi kaso nawa za a yanka don ku biyun ku riƙa samun kuɗin shiga daidai bayan ritaya. Wani kwamitin alƙalai da lauyoyi da masana fansho ya fitar da jagora a kan wannan a watan Yuli na 2019, kafin naki rabon ke nan, kuma ya yi gargaɗi cewa yawancin ƙararrakin sakaci da suka shafi fansho daga irin musayar nan suke tasowa, "ke riƙe gida, ni in riƙe fansho", ba tare da an auna ba. Musayar kanta ba laifi ba ce. Uwa mai yara uku na iya zaɓar rufin asiri na yau a kan kuɗin tsufa, kuma zaɓi ne mai hankali. Laifin shi ne a bar ta ta yi cinikin biri a sama.

Yanzu ga inda ba za ki ji daɗina ba. Ko an tabbatar lauyar ta yi sakaci, sai kin nuna cewa da ta faɗa miki gaskiya da kin canza hanya. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a shari'ar Perry da Raleys a 2019: abin da ke da kanki za ki yi, ke za ki gamsar da kotu cewa shi ya fi rinjaye. Ke da bakinki kika ce manya sun matsa. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tsaya a gabanki ya ce: Hajiya, da an gaya miki kina da haƙƙin fam 200,000 a fanshon, za ki iya kallon idon kawunki ki ce sai kin kai uban 'ya'yanki gaban alƙali? Ki tambayi kanki wannan tun yanzu, ke kaɗai a ɗaki. Na taɓa karɓar fayil ɗin wata baiwar Allah, kwali guda, na zauna ina bin takardun da lauyan ya riƙa rubuta abin da aka tattauna a kowace ganawa da kowane kiran waya. Shawarar da aka ba ta ta yi ƙaranci, babu shakka. Amma sau huɗu a cikin wata biyu an rubuta ta ce ba ta son ko sisinsa, ita dai a rabu. Da na nuna mata sai ta yi shiru, ta ce lallai ta faɗa, zuciya ce. Ƙarar ba ta yi nisa ba. A ɗaya gefen, matsin lamba kan zama hujja a gare ki. In lauyar ta ga alamar a tsorace kike, ko ana tursasa ki, ko Turancin takardun ya fi ƙarfinki, nauyin da ke kanta na ta zaunar da ke ta yi miki bayani dalla-dalla ƙaruwa yake yi. A shari'ar Lewis kotu ta yi la'akari da irin halin rauni da matar take ciki.

Sai lissafin asara. Kada ki raba 410,000 biyu ki sa rai da rabi. Za a tambaya ne: da an yi abin da ya dace, me za ki tashi da shi gaba ɗaya? Da an ba ki rabin fansho, watakila da ba a bar miki gidan duka ba. Za a cire wannan. Za a duba ko akwai shekarun fanshon da ya tara kafin aure. Sannan, tunda sakamakon ya danganta ga abin da tsohon mijin zai yarda da shi ko alƙali zai yanke, kotu damar da kika rasa take yi wa kuɗi. Misali kawai: in bambancin ya kama fam 150,000, kotu kuma ta ga damarki ta samu kashi 70 ce cikin 100, fam 105,000 za a ba ki. Ɓacin rai da rashin barci kuwa, ko an biya su, abu kaɗan ne.

Kada ki ce ai alƙali ya duba ya amince, don haka komai daidai ne, kada kuma ki bari a faɗa miki haka. Alƙali taƙaitaccen fom yake gani, ana kiransa D81, yawanci a ofishinsa ba tare da ya ga fuskar kowa ba. Amincewarsa ba ta wanke lauya. A da can lauyoyi na da wata kariya daga ƙara a kan aikin da ya shafi zaman kotu, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta soke ta a shekarar 2000 a shari'ar Hall da Simons, kuma biyu daga cikin ƙararraki ukun da aka haɗa a ciki daga rabon dukiyar aure suka taso. Af, tunda kin kira ni Barista: a Najeriya lauya ɗaya ne ke yin aikin ofis da na tsayuwa gaban alƙali, a nan kuwa an raba, akwai solisita mai aikin ofis, akwai barista mai tsayuwa gaban alƙali. In an taɓa ɗauko barista ya ba da ra'ayi a shari'arki, ki faɗa wa sabon lauya, domin ofishin zai iya cewa da ra'ayinsa suka yi aiki.

Matakin farko a aikace shi ne ki rubuta wa tsohon ofishin ki nemi cikakken fayil ɗinki, ba sai kin faɗi dalili ba. Abin da ake nema a ciki: wasiƙar farko da ta bayyana aikin da aka ɗauke su, duk wasiƙun shawara, takardar da kika sa wa hannu, fom ɗin D81, da Fom E in an cike shi, wato dogon fom ɗin da kowa ke bayyana dukiyarsa a ciki haɗe da bayanan banki na wata 12. Ki haɗa da saƙonnin imel da na waya da ke hannunki, har da rasit ɗin kuɗin da kika biya, domin yawan kuɗin kansa na nuna ko guntun aiki ne ko cikakke. Daga nan sabon lauya zai aika wa tsohon ofishin wasiƙar sanar da su cewa za a yi ƙararsu. Ƙa'ida ta ba su kwana 21 su amsa cewa sun gani, sannan wata 3 su bincika su ba da cikakkiyar amsa. Ki lura, wata uku da mako uku ke nan daga ɗan lokacin da ya rage miki.

Na san wasu na jin nauyin ƙarar mutumin da ya taɓa yi musu kirki. Ki kwantar da hankali, ba gidanta za a sayar ba. Wajibi ne kowane ofishin solisita ya riƙe inshorar akalla fam miliyan 2, ko miliyan 3 in kamfani ne, kuma ko ofishin ya rufe, inshorar na ci gaba da rufe shi har shekara 6. Da kamfanin inshora za ki yi, su kuwa ba su san kunya ba, lissafi suka sani. Yawancin irin waɗannan ƙararrakin a teburin sulhu suke ƙarewa, amma sai sun ga an shirya musu.

Za a ba ki shawarar ki je ofishin sauraron koke-koke a kan lauyoyi, wanda ake kira Legal Ombudsman. Kyauta ne, yana da amfani ga jinkiri da cajin kuɗi fiye da kima. Ga matsalarki ban ga ya dace ba. Iyakar diyyarsa fam 50,000 ce, tun Afrilu 2023 wa'adinsa ya koma shekara 1 daga faruwar abu ko daga sanda ya kamata ki gane, in kika karɓi hukuncinsa kin rufe ƙofar kotu a kan maganar, kuma zuwa wurinsa ba ya tsayar da agogon shekara shidan nan. Hukumar SRA mai sa ido a kan solisitoci kuma horo take yi, ba ta biyan diyyar sakaci.

Kotu tana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Kuɗin shigar da ƙara kashi 5 ne cikin 100 na abin da ake nema, ya tsaya a fam 10,000 ga ƙarar da ta haura fam 200,000, kodayake ana sassauta wa mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuɗin masanin fansho. Wanda ya faɗi kuma shi ke biyan yawancin kuɗin lauyan wanda ya ci. Akwai ofisoshin da ke karɓar aiki bisa sharaɗin sai an ci a biya, suna yankar ladansu daga diyya, ana kuma sayen inshorar da za ta biya ɗaya ɓangaren in an faɗi. Ki duba takardar inshorar gidanki ma, wasu na ɗauke da tallafin kuɗin shari'a mai shi bai sani ba. In ofis biyu ko uku masu irin wannan tsarin suka karanta fayil ɗin suka ƙi karɓa, wannan ma amsa ce.

Saura gidan Abuja. Wannan tsakaninki da tsohon mijin ne. Duk wanda ya shiga rabon dukiya a kotun Ingila wajibi ne ya bayyana abin da ya mallaka a ko'ina a duniya, ko sulhu ake yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2015 Kotun Ƙoli, a shari'un Sharland da Gohil, ta tabbatar cewa wanda ya ɓoye dukiya da gangan ana iya warware hukuncin da ya samu ta wannan hanyar, kuma in aka warware, fanshon ma ya dawo kan tebur. Amma "na ji" ba ta shiga kotu. Ana buƙatar sanin sunan wa ke kan takardar mallakar, yaushe aka saya, kafin hukuncin ne ko bayansa, kuma darajarsa ta kai ta canza rabon? Sau da yawa za ki tarar sunan ƙane ko na mahaifiya ne a kai, sai aikin ya ƙara tsawo. Wannan hanyar ba ta da wa'adin shekara shida, amma kotu ba ta son jinkiri daga ranar da kika samu labari, don haka ki rubuta ranar da kika ji da wanda ya faɗa miki. Ki gaya wa sabon lauyan maganar tun zaman farko, domin kamfanin inshora zai iya cewa ki fara bin mijin kafin ki zo gare su, kuma dole a tsara wacce za a fara a cikin biyun.

Hujjar gidan kuma ta hanyar da ta halatta za a nemo ta, lauya a Abuja ya bincika a ofishin rajistar filaye. Kada ki buɗe imel ɗinsa ko da kin san lambar sirrin, kada kuma ki sa yara su ɗauko miki hoton takardu daga wayarsa in sun je hutu. Tun hukuncin Imerman na 2010 kotunan nan suka hana irin wannan ɗaukar doka a hannu, kuma lauyanki ma ba zai iya karanta abin da kika samo ta haka ba, mayar da shi zai yi.